Ƙugiyar da Kawu Ya Ƙi Yarwa

Ranar Laraba ta ƙarshe a watan Agusta, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Kawu ya rasu a ɗakinsa da ke Funtua. Mutum uku ne a wurin: matarsa, wadda duk muke kira Inna; mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa; sai ni. Ana yayyafi. Kafin kalmar shahada, abin da ya faɗa na ƙarshe a kan taga ne. Ya tambayi Inna ko an rufe tagar ɗakin aikinsa, kada feshin ruwa ya taɓa faya-fayan kwamfuta. Ta ce an rufe. Ya ce, "Je ki duba." Ta je ta duba. An kai shi makwancinsa kafin magariba.

Kwana uku na zauna a zaure ina amsa gaisuwa. Aikina karanta labarai ne a rediyo, kunnena ya saba da kama kalmar da ake maimaitawa. Kalmar da aka fi maimaitawa a kan tabarmin nan ita ce "sai dai". Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. Bai taɓa cutar kowa ba, sai dai ba ya jin shawara. Wani ɗan kasuwa daga Bakori ya ce da Malam ya sassauta, da yanzu yana da ofis a Legas. Liman ya ce a yi wa mamaci shaidar alheri a tsaya nan, amma mutane ba su tsaya ba.

Ranar addu'ar uku, Baffa ya matso kusa da ni. Baffa wan mahaifina ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar manoman da ke noma irin masara tsakanin Funtua da Malumfashi. Kawu ne ya rubuta tsarin da kwamfutar ƙungiyar ke aiki da shi. Baffa ya rage murya ya ce, "To, yanzu sai a duba maganar injin nan. Mai shi ya tafi. In an yi arba'in zan kira dillali ya kawo tsari na kwali, irin na ƙasashen waje."

Bai rufe baki ba sai ga mai babur ya sauke wata tsohuwa da kwandon ɗanyar masara. Kirista ce, daga wani ƙauye bayan Malumfashi, mijinta ya daɗe da rasuwa, ita ke noma gonakin da ya bari. Kowa na kiranta Iya. Ta wuce cikin gida wurin mata, amma muryarta ta tsallako katanga.

"Wai sun ce yana da taurin kai? Ku bar su su faɗa. Da taurin kan nan na ci masara shekara uku."

A zaure kuwa, Baffa ya ja carbinsa.

Na rubuta wannan ne don na ƙi yarda "sai dai taurin kai" ya zama abin da zai rage na Kawu. Zan faɗi abin da na gani, har da wanda ba yabo ba.

Kawu ya fara ne da aikin akawu a wani gidan gurzar auduga. Yana da hannu mai kyau, ba ya kuskuren lissafin buhu, don haka a shekarun 1970 aka tura shi Kaduna ya koyi aiki da babbar kwamfuta, irin wadda ke cike ɗaki, ana ciyar da ita da katuna masu huda. Ya yi shekaru a can. Da ƙananan kwamfutoci na kan tebur suka fara shigowa, ya ajiye aiki ya dawo gida, ya ce ya gaji da neman izini kafin ya yi tunani. Daga nan bai sake zama ƙarƙashin kowa ba. Wanda ya sayi inji ya rasa yadda zai yi da shi sai ya aika a kira Malam. Sai ya ɗaura tsohon gwangwanin biskit a bayan babur, faya-fayan na ciki an naɗe su da ƙyallen zanen Inna, ya kama hanya.

Ga wanda bai san harkar ba: kwamfuta ba ta san komai ba sai an rubuta mata tsari. Mai rubuta tsari kuwa, kafin ya sa harafi ɗaya, sai ya zaɓi abin da zai yi ginin a kai. Kawu na kwatanta wannan da mai neman wurin zama. Ko ka sayi ginannen gida ka shiga yadda ka same shi, ko ka kwaɓa ƙasa ka yi tubali da hannunka. Ginannen gidan shi ne tsarin da ake kawowa daga ƙasashen waje a cikin kwali, shiryayye, da littafinsa. Shi mutane ke kira na kwali.

Tambayoyi uku yake yi wa kowane abu kafin ya zaɓe shi, kuma yana yin su da ƙarfi, a gaban mai aikin. In wuta ta ɗauke, me zai ɓace? In na mutu, wa zai gyara? Yana jin Hausa?

Masu cewa ya tsani na kwali ba su san shi ba. Wani mai sayar da kayan gyaran mota ya kira shi, ya duba ya ga duk lambobi ne, ya ce, "Alhaji, sayi na kwali, ba ka buƙatata." Wani shugaban makaranta ya kira shi, ya zagaya ofis ɗin sau ɗaya ya ce, "Ku ba kwamfuta kuke buƙata ba, kabad kuke buƙata. Kira kafinta." Ya hau babur ya dawo gida. Inna ta yi kwana biyu tana mita.

Rigimar ƙungiya ta faro ne shekara guda kafin a yanka mana jihar Katsina. Ga yadda aikinsu yake. Kowace shekara ana ba manoman da ke cikin jeri ingantaccen iri, su noma, malamin gona ya zo ya duba. Wanda gonarsa ta yi kyau yana nan a jeri. Wanda tasa ba ta yi ba, malamin gona ya rubuta "ta kasa" a katinsa, a cire shi. Wanda kuma yake da gona biyu, sai malamin ya rubuta wadda ya duba: "ta tudu", ko "ta ƙasa".

Baffa ya sayo kwamfuta, dillali ya sa mata na kwali. Akawun ƙungiya, dattijo mai 'ya'ya shida, ya yi makonni yana shigar da katuna. Na kwali ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ. Inda duk ya ga harafi mai ƙugiya, akawu ya buga marar ƙugiya, don babu wani. Sannan aka umarci injin ya cire duk wanda aka rubuta wa "ta kasa". Ya cire. Bai yi kuskure ba, abin da aka ce masa ya yi.

Ranar rabon iri na zo hutu, na raka Kawu, don shi ma yana da 'yar gona a hanyar Maska, yana cikin jeri. Muna tsaye aka gaya wa Iya babu sunanta.

Ta ce, "Saboda me?"

Akawu ya ce, "Gonarki ta kasa, Iya. Ga shi a rubuce."

"Gonata? Wacce? Wa ya gani? Malamin gona da bakinsa ya ce bai ga masara irin tawa ba tun daga Bakori."

"Ni dai inji ne ya fitar."

"To kira mini injin."

Mutane suka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce a kawo masa katinta na hannu. Aka tono shi daga kwali. Ya duba, ya miƙa mata. Iya ta iya karatu, a coci ta koya. Ta nisanta katin da idonta, ta sa farce a kan harafin.

"Ta ƙasa. Ga ƙugiyar nan ƙuru-ƙuru. A littafinmu na coci ma tana nan. Shi injin naku bai je makaranta ba ne?"

Ita da wasu mutum shida abin ya shafa. Iri kuwa an riga an auna shi daidai da sunayen da inji ya fitar, an raba, babu ragi.

Da yammar ranar Baffa ya kira Kawu ofis ya gyara. Ina zaune a gefe. Kawu ya yi awa biyu yana juya littafin na kwali, sannan ya rufe shi ya ce ba ya gyaruwa, sai dai a sake gini.

Baffa ya ce, "Malam, kai matsalarka son wahala. Abu an kawo shi daga Turai, masu ilmi suka yi shi."

"Sun yi shi, Alhaji. Don kansu suka yi, kuma ya yi musu daidai."

"To a gaya wa malamin gona ya daina rubuta 'ta ƙasa'. Ya rubuta 'ta kwari'. Shi ke nan, an gama."

"Yau ka hana shi ƙasa. Gobe me za ka hana shi? Baƙi? Ɗari? Rabin mutanen da ke cikin katunan nan da Ɗan sunansu ya fara. Rubuto mini duk kalmomin da za mu daina faɗa don inji ya ji daɗi, in ba wannan," ya nuna ni da haɓa, "ya karanta wa jama'a bayan labaran duniya."

"A sa ƙugiyar da biro bayan an buga. Haka masu tafireta ke yi tun kafin ka yi gemu."

"Biro a kan takarda yake. Inji ba takarda yake karantawa ba, cikinsa yake karantawa. A cikinsa har gobe gonar matar nan ta kasa."

Baffa ya tambaye shi to da me zai yi ginin. Kawu ya ce harsuna biyu na inji ya iya. Ɗaya COBOL, wanda ya yi shekaru yana aiki da shi a Kaduna, ya fi ƙwarewa a kansa, ya fi sonsa. Amma ya ajiye shi, don ya yi wa ƙaramin inji nauyi, kuma daga Funtua zuwa Malumfashi babu mai karanta shi sai shi kaɗai. Ɗayan BASIC. Da shi zai iya zana harafi da kansa, ɗigo-ɗigo, ya koya wa injin.

Baffa ya ce, "Dillali ya ce wannan na 'yan makaranta ne."

"Na 'yan makaranta ne. Shi ya sa na zaɓe shi. Ran da na mutu ba sai ka je Legas neman mai gyara ba."

"Na kwali sati biyu aka yi ya fara aiki. Naka fa?"

"Wata takwas. Wataƙila tara."

Baffa ya miƙe. Ya ce in hadarin farko na baɗi ya taso bai ga jeri a hannunsa ba, na kwali za a koma, a canza duk kalmar da ta dame shi, kuma kada Kawu ya sake taka ofis ɗin. Kawu ya ce ya ji. Daga ranar ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Mahaifiyata, da ke tsakanin wanta da wan mijinta, ita ta sha wahalar abin. Sallah biyu tana raba tuwo gida biyu.

Washegarin ranar rabon, Kawu ya ɗaura nasa irin a bayan babur. Inna ta tare ƙofa.

"Ina za ka da shi?"

"Bayan Malumfashi."

"Mu kuma mu shuka me?"

"Tsohon iri yana rumbu."

"Kai ka ɓata mata suna da za ka biya?"

"Irin aikina ne ya ɓata. Matsa in wuce."

Ya kai wa Iya. A shekarar masararsa ba ta yi abin kirki ba. Da malamin gona ya zo dubawa, Kawu ya riga shi magana: "Tawa ta kasa. Wannan rubuta ta haka nan, babu ƙugiya."

Na ga yadda ya yi haruffan. Ranar Asabar da hantsi, a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, da takarda mai gida-gida da fensir. Kowane harafi gida takwas ne a tsaye, takwas a kwance, babu ƙari. Ƙugiyar ƙ gida biyu kacal ta samu. Ya zana na farko ya nuna wa Inna. Ta ce, "Wannan ai kaza ce ta ɗaga ƙafa." Ya goge. Na biyu ta ce ya yi kama da lauje. Sai a na biyar ta ce, "To, wannan ƙ ne." Haruffa shida ya yi, manya da ƙanana. Ya koya wa gilashin injin, ya sake koya wa injin bugawa daban, don kowanne da nasa halin. Ya zaɓi maɓallai uku da ba a amfani da su, ya rubuta musu sababbin haruffan da farin fenti. Sannan ya koya wa tsarin jera suna yadda muke jerawa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k.

Wasu katunan tun a hannu ba a sa musu ƙugiya ba. Don haka duk ƙarshen makon da na zo, sai ya zaunar da ni a ofis in karanta sunayen mutane da na ƙauyuka da ƙarfi, akawu na gyarawa, don shi ya san kowa. Kawu ba ya raga mini. "Kai ɗan rediyo, nan ba Kaduna ba ce. Wa ya ce ka yi wa sunan mutum ado? Sake faɗa."

Yanzu abin da ba yabo ba. Tsarin Kawu ba shi da sauri. In aka ce ya jera sunaye, akawu na iya zuwa sallar azahar, ya ci abinci, ya dawo ya tarar bai gama ba. Wani ɓangare na jinkirin da gangan ne: tun ranar da wuta ta ɗauke ta tafi da aikin yini guda, ya sa injin ya riƙa adana kowane kati da zarar an shigar da shi. Ba shi da kyan gani, baƙin gilashi ne da koren rubutu. Kawu kuma ba ya ba da haƙuri. Ya faɗa wa Baffa maganganu a gaban mutane waɗanda bai kamata a faɗa wa suruki ba, bai taɓa janye ko ɗaya ba. Labari ya bazu cewa Malam na jan aiki, ya yi watanni babu wanda ya aiko kiransa. Inna ta san abin da watannin nan suka ci. Bai taɓa ce mata sannu a kai ba, a gabana dai.

Amma jeri ya fito kwana tara kafin hadarin farko. Ya ajiye shi a teburin Baffa. Baffa ya duba shi. Kawu ya ɗauki kwafi ɗaya ya hau babur. Iya ta gaya mini cewa a gona ya same ta, ta goge hannu a zane ta karɓa, ta nemo layinta, ta ce, "To, inji ya shiga aji ɗaya."

Abu na ƙarshe da ya yi, mutane kaɗan suka sani. Ya buga tsarin gaba ɗaya a takarda, ya kai aka ɗinke shi kamar littafi, ya bi layi-layi yana rubuta bayani da Hausa a gefe: nan ne ake cire suna, nan ne ƙugiya take, kada ka taɓa nan sai ka yi kwafi. Duk ranar Litinin yana zaunar da akawu yana koya masa. Akawu ya ce, "Malam, ni da furfurata?" Kawu ya ce, "Furfura a kai take, ba a ido ba. Karanta."

Ban ce tsarin Kawu zai dawwama ba. Injin zai tsufa, wani zai zo. Ban kuma ce na kwali mugun abu ba ne. Abin da nake cewa shi ne, an zo da kayan aiki wanda bai iya faɗin abin da muke faɗa ba, aka ce mu ne za mu gyara bakinmu, mutum ɗaya a ɗakin ya ce a'a, kayan ne za su gyaru. Wannan a'a ɗin ake kira taurin kai a zaurensa, a kan tabarmarsa. Ni na ji ta da kunnena ranar da ya faɗe ta, kuma ban ji wata magana da ta fi ta hankali a ofis ɗin ba.

Allah ya yi masa rahama, ya yafe masa kaifin harshensa, ya ba Inna haƙurin rashin wanda za ta yi wa mita.

Kwana biyu bayan addu'ar arba'in, ƙungiya ta zauna da ƙarfe goma na safe. Baffa ya cika alkawari, ya kawo dillali da sabon na kwali. Gaskiya ya burge. Yana da launi, ya jera sunaye kafin mutum ya gyara zama. Baffa ya ce mai tsohon tsarin ya rasu, in ya lalace babu mai gyarawa. Akawu ya ciro littafin Kawu daga jakarsa ya ajiye a tebur. Ya ce tun Malam na kwance tsarin ya taɓa tsayawa, shi ya gyara, a shafi na goma sha huɗu, bai gaya wa kowa ba.

Iya ta taso daga bencin baya. Ta ce wa dillali, "Ɗana, rubuta mini gonata. Ta ƙasa."

Ya buga. Ta sunkuya, ta kusanta fuskarta da gilashi.

"Karanta wa Alhaji abin da ka rubuta."

Dillali ya duba, ya ce ai ana iya sa wata alama a gefe, ko a canza kalmar.

Ta ce, "Ban tambaye ka abin da ake iyawa ba. Karanta."

Ya karanta. "Ta kasa."

Ta juya ga Baffa. "Shekara uku, Alhaji. Har yanzu bai je makaranta ba."

Baffa ya daɗe yana kallon littafin da ke kan tebur. Ya buɗe shi, ya ga rubutun hannun surukinsa a gefe, ya rufe. Ya ce, "Mutumin nan ko a kabari sai ya yi gardama da ni." Sannan ya ce masu son a riƙe tsarin Kawu su ɗaga hannu.

Dillali ya mayar da kayansa cikin kwali kafin azahar. Bayan girbi akawu ya buga jerin bana da tsarin Kawu, ya ɗauki awa ɗaya da rabi. Sunan Iya ne na goma sha ɗaya a shafi na biyu. A gabansa an rubuta: ta ƙasa.